Amanar Tsohon Zane

Da wuya a sami mai karanta littafin nan wanda bai taɓa ganin fim ɗin zane ba, irin wanda yara ke kira katun, ko da kuwa na muzurun nan Tom ne da ɓeransa Jerry. Mutum ya kan ɗauka wasan yara ne kurum, bai kai manya su ɓata yawunsu a kansa ba. Amma a Amurka, inda aka yi galibin tsofaffin finafinan nan, an yi shekara fiye da talatin ana ja-in-ja a kansu tsakanin kamfanonin da suka mallake su da mutanen da ke sayensu don su kalla a gida. Masu saye suna kuka, wai abin da a ke sayar musu ya bambanta da abin da masu zanen suka zana. Kamfanoni kuwa suna ganin kayansu ne, gyara kuma suka yi.

Da na zauna na auna gardamar nan, sai na ga ashe tsohuwar tambaya ce ta sake riga. Ga ta: in aikin hannun wani ya faɗo hannunka, shi kuwa mai aikin ya riga mu gidan gaskiya, ina iyakar ikonka a kan aikin nan? Kana da ikon juya shi yadda ka ga dama, tun da ka biya kuɗi ko ka gada? Ko kuwa akwai wani haƙƙi da ya saura a wuyanka, wanda kuɗi ba su ɗauke shi ba? Tambayar ta shafi mai kamfani, ta shafi magajin da tsohonsa ya bar wa littattafai, ta kuma shafi duk wanda a kan ba maganar wani ya kwafa. Amma kafin mu yanke hukunci, sai mu san abin da a ke gardama a kai tukuna, kada mu yi cinikin biri a sama.

Yadda A Ke Yin Fim Ɗin Zane

Fim ba kome ba ne illa hotuna a jere bisa wani dogon ziri na roba. In majigi ya wuce da hoto 24 cikin kowane sakan ɗaya, sai ido ya ruɗu, ya ga kamar abin yana motsi. A fim ɗin mutane, 'yan wasa ne ke motsi, kyamara ta ɗauka. A fim ɗin zane kuwa, a zamanin da, kowane motsi sai an zana shi da hannu. Gwanin zane ya zana da fensir a takarda: ga hannu a ƙasa, ga shi ya ɗan ɗaga, ga shi ya ƙara ɗagawa. Daga nan a ɗora wata takardar roba mai garai-garai kamar gilashi bisa zanen, a bi layin da alƙalami da tawada, sa'an nan a juya bayanta a shafa fenti. A kamfanin Walt Disney, galibin masu aikin tawada da fentin nan mata ne. In fenti ya bushe, a aza takardar bisa hoton daji ko na ɗaki wanda wani ya zana dabam, a ɗauka da kyamara, a cire, a aza ta gaba.

Ku dubi Snow White and the Seven Dwarfs, labarin wata 'yar sarki da wadanni bakwai, wanda Disney ya fitar cikin watan Disamba 1937. Tsawonsa minti 83 ne. In ka buga lissafi, hoto kusan 120,000 ke nan. Ko da ya ke a wurare da yawa a kan ɗauki zane ɗaya sau biyu, ka ga dai aikin ba ƙarami ba ne. Mutane ɗaruruwa suka yi kimanin shekara uku a kansa.

Akwai kuma abu biyu da ya kamata a sani. Na ɗaya, masu fentin nan sun san launin da suka shafa zai ɗan sauya in ya bi ta kyamara da sinadarin wanke fim, saboda haka su kan zaɓi fenti ne da nufin yadda zai fito a bangon silima. Na biyu, shi zirin fim fuskarsa shafe ta ke da wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama haske. In an haska shi, sai a ga hoton da wani ɗan tsaki-tsaki kamar rairayi mai laushi. Tsakin nan jikin hoton ne, kamar yadda zare ya ke jikin saƙi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yadda Suka Shigo Gidaje

A da, fim sai a silima. Disney kuwa ya gano wata dabara: in fim ya gama zagayensa sai a ɓoye shi, bayan 'yan shekaru, galibi bakwai ko takwas, sa'ad da wasu yara suka taso, a sake fito da shi. Haka aka yi da Snow White a 1944, da 1952, da 1958, da 1967, da 1975, da 1983, da 1987, da 1993.

Da kaset ɗin bidiyo ya bazu, kamfanin ya yi ta ɗari-ɗari, gama in fim ya shiga gidaje, wa zai sake biyan kuɗin shiga silima? Da sannu dai ya saki. Pinocchio ya fito a kaset a 1985, Cinderella a 1988, Fantasia a 1991, Snow White kuwa sai 1994. Amma aka ɗauko tsohuwar dabarar nan: a sayar na 'yan watanni, sa'an nan a daina, a ce an mayar da shi taska. Wanda bai saya a lokacin ba, sai ya yi ta jira shekara da shekaru, ko kuwa ya saya da tsada hannun 'yan baranda. Bayan kaset sai faifan DVD, bayansa Blu-ray, bayansa kuma wanda a ke kira 4K. Mutum ya sayi fim ɗaya sau uku ko huɗu, kowane karo ana ce masa wannan ne mafi kyau. Da kamfanin ya buɗe Disney+ a 2019, inda a ke kallo ta intanet, maganar taska ta yi sauƙi. Sai dai a nan mai kallo ba shi da kome a hannu. Abin da kamfani ya sauya da dare, shi zai gani da safe.

Wannan duk kukan kuɗi ne, ban kuwa ba shi nauyi ƙwarai ba. Ɗan kasuwa yana da ikon fito da hajarsa ran da ya so. Kuka mai nauyi shi ne na abin da ke cikin faifan, ya kuma kasu uku.

Kuka Na Fari: Wanki Ya Wuce Kima

Fim ya kan tsufa kamar kowane abu. Ƙura ta kan manne masa, majigi ya kan karce shi, launinsa ya kan koɗe. Gyara kam wajibi ne. A 1993 aka ɗauki Snow White hoto ɗaya bayan ɗaya aka shigar cikin kwamfuta, aka share ƙura da karce, aka mayar bisa zirin fim. Shi ne fim na farko da aka yi wa irin wannan aiki tun daga farkonsa har ƙarshe. Ba mai hankalin da zai yi kuka da sharar ƙura.

To, da na'ura ta ƙara ƙarfi, sai aka so tsofaffin finafinai su yi sumul kamar sababbin da a ke yi da kwamfuta. Aka sa na'ura ta kwashe tsakin nan da muka ambata. Ita kuwa na'ura ba ta da hankalin rarrabe tsaki da siririn layin mai zane. Ta kwashe su gaba ɗaya.

Cinderella, wanda aka yi a 1950, labarin wata marainiya ne da kishiyar uwa ta mayar baiwa. Rigar da ta sa ta tafi biki a fada ruwan azurfa ce mai ƙyalli. Da aka fitar da faifan Blu-ray a 2012, masu lura suka jera tsohon hoto da sabo gefe da gefe, suka nuna layukan ninkin rigar sun ɓace a wurare, launinta kuma ya karkata zuwa shuɗi, irin na 'yar tsanarta da a ke sayarwa a kanti.

Abin da ya sami The Sword in the Stone na 1963 ya fi wannan muni. Tun daga One Hundred and One Dalmatians na 1961, kamfanin Disney ya rage aikin bin layi da tawada, ya koma kwafar zanen fensir kai tsaye bisa takardar roba da na'urar Xerox. Saboda haka layin finafinan zamanin nan yana da kaushi, ga ɗan kuskuren fensir nan da can, watau hannun gwanin ne kansa ka ke gani. Da faifansa ya fito a 2013, sai aka ga layin ya jirkice ya yi dishi-dishi, kamar allon da aka fara wankewa ba a gama ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Kuka Na Biyu: An Datse Gefe, An Datse Suna

Sleeping Beauty na 1959 an zana shi ne domin faffaɗan bango, faɗinsa ya fi tsayinsa ninki biyu. Wani gwani, Eyvind Earle, shi ya tsara dazuzzuka da fadojin da ke cikinsa. Tsohuwar akwatin talabijin kuwa faɗinta kashi 4 ne, tsayinta kashi 3. Domin hoton ya cika akwati, sai aka datse dama da hagu a kaset ɗin 1986, fiye da sulusin zanen ya tafi.

Kamfanin Warner kuma, tun daga 1943, in zai sake fito da tsohon katun a silima, ya kan yanke farkonsa inda aka rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin, ya sa wani tambari a madadinsa. Da yawa a hakan suka shiga kaset da faifai. Har wa yau, wajen ƙarshen shekarun 1960, aka aika da wasu katun na baƙi da fari zuwa Koriya ta Kudu, aka bi layinsu cikin gaggawa aka shafa musu launi. Motsin da ke tafiya kamar ruwa ya koma tsalle-tsalle, amma sunan fim ɗin yana nan yadda ya ke.

Kuka Na Uku: An Cire Abin Kunya

A Melody Time na 1948 akwai wani kaboyi, Pecos Bill, wanda taba ba ta rabuwa da bakinsa. A faifan da aka sayar a Amurka a 2000, aka goge tabar da kwamfuta, don kada yara su kwaikwaya.

A Fantasia na 1940 akwai wasu halittu na almara, sama mutum, ƙasa doki. Cikinsu aka zana wata 'yar baƙa, da siffa ta ba'a, tana goge kofaton farare tana yi musu ado. Tun daga 1969 aka cire ta. A kaset da faifai, sai aka matso da hoton aka yanke gefen da ta ke.

A Tom and Jerry kuma, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka yi guda 114 daga 1940 zuwa 1958, akwai wata mace baƙa mai jiki wadda ke bin Tom da tsintsiya, galibi ƙafafunta kaɗai a ke gani. An zana ta ne bisa siffar da Turawan Amurka suka saba yi wa kuyangi baƙaƙe. Wata 'yar wasa baƙar fata, Lillian Randolph, ita ke yin muryarta. A shekarun 1960, domin talabijin, aka sake zana ta a wasu finafinan ta zama Baturiya, aka kuma sake muryar. A 2013, da aka ji kamfanin Warner zai fitar da kashi na biyu na wani tarin Tom and Jerry ba tare da guda biyu ba, Mouse Cleaning da Casanova Cat, saboda ba'ar baƙar fata da ke cikinsu, masu saye suka yi ca, har aka janye faifan.

A Ji Ta Bakin Kamfani

Ba a yanke shari'a da jin ɓangare ɗaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Da fari, masu kukan nan da yawa abin da su ke kira na ainihi shi ne kaset ɗin da suka kalla suna yara, alhali kuwa shi ma kwafi ne, an ɗauke shi daga fim ɗin da ya riga ya koɗe, aka kalle shi a akwatin da ke da nata launi. Abin da mutum ya saba da shi dabam, abin da aka zana dabam. Wani ba fim ɗin ya ke nema ba, ƙuruciyarsa ya ke nema, ita kuwa ba a sayar da ita a kanti.

Na biyu, zirin fim da a ke aiki da shi kafin wajen 1951 yana ruɓewa, yana kuma kama wuta kamar albarushi. Adana shi yana cin kuɗi, gyaransa yana cin kuɗi. In ba a sayar da faifai ba, da me za a yi? Wani sauyin ma dole ce ta kawo shi. Da aka so mayar da Fantasia tsawonsa na fari a 2000, sai aka tarar sautin mai gabatarwa, Deems Taylor, ya ɓace a wasu wurare, aka sa wani, Corey Burton, ya maimaita maganar.

Na uku, uba yana da haƙƙin tsare ɗansa daga ganin abin da zai ɓata shi, ko abin da zai sa ya raina kansa. Kamfanin da ya kula da wannan bai yi laifi ba don ya kula.

Duk na yarda da waɗannan. Amma ba su amsa tambayarmu ba.

Mallaka Da Amana

Abin mallaka iri biyu ne. Akwai irin riga da doki. In ka sayi riga, ka rage hannunta ko ka rina ta, ba wanda ka cuta. Akwai kuma irin wasiƙa, da waƙa, da littafi, da zane. Waɗannan maganar wani ce, da sunansa a kai. Kana iya mallakar takardar, amma maganar tana nan ta mai ita.

Tsofaffin masu kwafar littattafai da hannu sun san wannan. In mai kwafi ya tarar da kalmar da bai yarda da ita ba, ya kan rubuta ta yadda ya same ta, sa'an nan ya sa nasa ra'ayi a gefen takarda. Mai karatu ya ga na mai littafi, ya ga na mai kwafi, ya auna. Wanda kuwa ya goge ta cikin littafi ya sa tasa, ya yi shiru, ko da tasa ta fi daɗi, ya ci amana.

To, haka faifan fim ya ke. A jikin kwalinsa an rubuta Cinderella, an rubuta sunan Walt Disney, wanda ya rasu tun 1966. In abin da ke ciki an sauya shi ba a faɗa ba, an cuci mutum uku. An cuci matan nan da suka sunkuya suna jan layi da alƙalami, gama an jingina musu aikin da ba nasu ba, ga su kuwa ba su da bakin musu. An cuci mai saye, gama ya biya kuɗin wani abu an ba shi wani. An kuma cuci wanda ba a haifa ba tukuna, gama shi ba zai ma san akwai abin da ya ɓace ba, balle ya nema.

Ku lura kuma, mallakar kamfani tana da wa'adi. A dokar Amurka, irin waɗannan tsofaffin finafinai shekara 95 su ke yi a hannun mai su, sa'an nan su zama na kowa. Steamboat Willie na 1928, wanda ya fito da sunan Mickey Mouse a duniya, ya zama na kowa ran 1 ga Janairu 2024. Ashe ke nan kamfani kamar mai riƙon dukiyar maraya ya ke. Yana iya cin moriya cikin adalci, amma ran da wa'adi ya cika, dukiyar ya kamata ya miƙa yadda ya karɓe ta.

Dokokin ƙasashe ma sun taɓo wannan. A Faransa, an raba haƙƙin cin kuɗin aiki da haƙƙin mai aikin na kada a jirkita masa aikinsa, na biyun kuwa ba ya sayuwa. A 1991 babbar kotun ƙasar ta goyi bayan magadan John Huston, waɗanda suka ƙi yarda a nuna fim ɗinsa na baƙi da fari, The Asphalt Jungle, bayan an shafa masa launi. A Amurka kuwa, inda doka ta fi karkata ga mai kamfani, gardamar da ta tashi a 1986, sa'ad da Ted Turner ya shiga shafa wa tsofaffin finafinai launi, ita ta jawo dokar 1988 ta adana finafinan ƙasa. Cikin guda 25 da aka fara zaɓa a 1989, har da Snow White.

Inda Gizo Ke Saƙa

Maganar tsaki da launi mai sauƙi ce. Mai wuya ita ce ta 'yar baƙar nan ta Fantasia, gama mu baƙar fata, da mu aka yi ba'ar. Wani zai ce, "Kai malam, kana roƙo a mayar da zagin da aka yi wa kakanninmu cikin faifai?" Tambayar tana da nauyi, na kuwa daɗe ina juya ta.

Amma mu tambayi kanmu: da aka cire yarinyar nan, kunyar wa aka rufe? Zagin an riga an yi shi. An haska shi a silima, mutane sun biya kuɗi sun yi dariya. Baƙaƙen da suka zauna suka gani, sun ji zafin da za su ji, almakashi ba ya mayar musu da kome. Wanda ya ci ribar yankan shi ne kamfani, gama fim ɗinsa ya fito fes, kamar bai taɓa yin haka ba. Yaron da ya tashi da wannan faifai zai ɗauka mutanen 1940 hannunsu tsarkakakke ne. In kakarsa ta gaya masa irin wulakancin da aka yi musu, ina shaidarta? An goge.

Ku dubi kuma Lillian Randolph. Ita baƙa ce, ta sami aikin da zamaninta ya bari ta samu, ta yi shi da gwaninta. Da aka zo gyara, ita aka fara cirewa. Muzuru da ɓera suna nan, sunayen Turawan suna nan, muryarta ce ta tafi.

Kamfanin Warner ya gwada wata hanya a 2005, a kashi na uku na tarin Looney Tunes Golden Collection. Ya bar finafinan yadda su ke, ya sa 'yar wasan nan baƙar fata, Whoopi Goldberg, ta yi bayani a farko. Ma'anar bayanin ita ce, ba'ar nan kuskure ce a da, kuskure ce kuma a yau, amma cire ta daidai ya ke da cewa ba a taɓa yi ba. Wannan ita ce hanyar mai kwafi na kirki: maganar tana ciki, sharhi yana gefe.

Sai dai ban manta da uban nan ba. Yaro ɗan shekara biyar ba ya karanta gargaɗi, hoto kaɗai ya ke gani. Saboda haka ba laifi a yi faifan yara, a cire taba, a cire ba'a, muddin an rubuta a jikin kwali cewa an cire, an kuma ajiye cikakken inda manya da ɗalibai za su iya samunsa. Tace abinci domin yaro abu ne mai kyau. Ƙone rumbu don kada a san irin hatsin da aka noma, wannan wani abu ne dabam.

Ƙa'ida Uku

In an tattara maganar nan, ƙa'ida uku ce, mai riƙon aikin wani ya kamata ya tsare su.

Ta ɗaya, ka gyara abin da zamani ya ɓata, ka bar abin da hannu ya yi. Ƙura da karce da koɗewa aikin zamani ne. Layi da launi da faɗin hoto da sunan mai aiki, aikin hannu ne, ko sun yi maka daɗi ko ba su yi ba.

Ta biyu, in dole ta sa ka sauya wani abu, ka faɗa a fili, inda mai saye zai gani kafin ya zaro kuɗinsa.

Ta uku, ka ajiye na ainihi, ka kuma bar ƙofarsa a buɗe. Mai gyaran yau yana iya kuskure, na gobe kuwa ba zai iya gyara kuskuren ba sai in uwar fim tana nan.

Kada kuwa a ɗauka kukan masu saye ya tafi a banza. A 2023 kamfanin Disney ya sake gyaran Cinderella. A wannan karo aka koma ga uwar fim ta ainihi, aka kira tsofaffin ma'aikatan zane biyu, Eric Goldberg da Michael Giaimo, su sa ido. Aka bar tsakin, layukan rigar suka komo, rigar ta koma ruwan azurfa. Cikin shekarar kuma aka yi wa Snow White irin wannan aiki. Mutanen da suka yi shekara goma sha ɗaya suna kuka, suka yaba. Da a ce an jefar da uwar fim bayan wankin farko, da wannan bai yiwu ba. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Kai kuma mai karatu, ba ka da kamfani, ba ka da taskar finafinai, amma irin amanar nan tana zuwa har ƙofar gidanka. Ran da wata tsohuwa ta kawo maka wasiƙar ɗanta ka karanta mata, ka ga a ciki akwai magana mai zafi, zuciyarka za ta ce ka tausasa, ko ka tsallake. Ran da wani dattijo ya zaunar da kai yana faɗa kana rubutawa, za ka ji wata kalma tasa ba ta yi maka ba, ka so sa taka. A ranar sai ka tuna da ƙa'idodin nan. Ka karanta abin da aka rubuta, ka rubuta abin da aka faɗa. In kana da shawara, ka ba da ita bayan ka ajiye takardar, su kuma san taka ce.